Me Ya Sa Maganin Ciwon Daji Kan Daina Aiki? Kira Ga Masu Juna Biyu Da Iyalansu

 

Wata za ta ce, ina ruwan mai juna biyu da zancen ciwon daji? Ita da ke lissafin watanni tana tanadin kayan jariri, ai kamata ya yi a yi mata maganar abinci mai gina jiki da allurar rigakafi. Gaskiya ne, kuma mafi yawanku za ku sauka lafiya ba tare da kun taɓa haɗuwa da wannan cuta ba, da yardar Allah. To amma ciki ba ya hana ciwon daji zuwa. Lissafin likitoci ya nuna cewa a cikin kowane ciki 1,000 akan sami kamar guda ɗaya da ya haɗu da wani nau'in ciwon daji, sankarar mama kuwa akan same ta a kamar ciki ɗaya cikin 3,000. Bayan haka, ko da cutar ba ta taɓa ki ba, idan ta shiga gida ke ce mai jinya, ko ta mahaifiya, ko ta uwar miji, ko ta 'yar'uwa. Ke za ki riƙa tuna lokacin shan magani, kuma da ke za a yi shawarar a ci gaba ko a bari.

Akwai wata magana da ake yawan ji a bakin iyalan masu wannan cuta. Za ka ji an ce: "An rubuta mata magani mai tsada, mun sayar da kadara mun saya, ta ji sauƙi har ta koma harkokinta, ga shi bayan shekara biyu ciwon ya dawo." Daga nan sai zargi ya tashi. Wani ya ce jabun magani aka ba su, wani ya ce likita bai san aikinsa ba, wata ta ce dama ba ciwon asibiti ba ne, sammu ne. Sai a kwashe mara lafiya a koma gida, a daidai lokacin da ta fi bukatar likita.

Ra'ayina shi ne, wannan dawowa da ciwon kan yi tana da dalilin da aka sani, an kuma yi bincike a kansa sosai. Wanda ya fahimci dalilin zai ga cewa babban makamin da ake yaƙar cutar da shi yana hannun iyali tun kafin a zo ga maganar magani mai tsada.

MENE NE MAGANI MAI SAITI?

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana ɗauke da umarnin da ta gada, wanda ke gaya mata lokacin da za ta rabu biyu da lokacin da za ta tsaya. Ciwon daji yana farawa ne idan wannan umarni ya samu tangarɗa a cikin wata ƙwaya, sai ta yi ta hayayyafa babu tsayawa.

Maganin da aka fi sani, wato kemo, yana kashe ƙwayoyin da ke saurin rabuwa, masu cuta da wasu marasa cuta. Shi ya sa gashi ke zubewa, baki ya yi miki, jini ya ragu. Shi kuwa magani mai saiti, an ƙirƙiro shi ne domin ya nufi ainihin wurin da tangarɗar take, kamar yadda maharbi ke saita abin da zai harba.

Misali mafi shahara shi ne na wata sankarar jini mai tafiya a hankali, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da CML. Mai ita fararen ƙwayoyin jininsa kan yi yawa fiye da kima, saifarsa ta kumbura. A shekarar 1960 wasu masu bincike biyu a birnin Filadelfiya na Amurka, Peter Nowell da David Hungerford, suka lura da wata alama a cikin ƙwayoyin masu wannan cuta. A 1973 wata likita mai suna Janet Rowley ta gano cewa wasu sassa biyu ne na kayan gado, na 9 da na 22, suka yi musayar gutsure. Wannan haɗuwa ce ke haifar da wani furotin mai suna BCR-ABL, wanda ke ta ba ƙwaya umarnin ta rabu dare da rana. A shekarar 2001 aka amince da ƙwayar magani mai suna imatinib, wadda aka fi sani da Glivec. Aikinta shi ne ta shiga wani ɗan gurbi a jikin wannan furotin ta toshe shi, kamar yadda mabuɗi ke shiga kwaɗo. Kafin zuwanta, yawancin masu cutar ba sa wuce 'yan shekaru. Bayan zuwanta, a babban gwajin da aka yi, fiye da mutum 8 cikin 10 suna raye bayan shekara 10.

A ɓangaren sankarar mama ma akwai irin wannan. Wasu ƙwayoyin cutar suna rayuwa ne da sinadarin mata da ake kira istirojin, sai a ba da ƙwayar tamoxifen ta tare musu hanyar samunsa. Wasu kuma, kamar kashi 15 zuwa 20 cikin 100, suna da wani furotin mai suna HER2 da ya yi musu yawa. Su ne ake yi wa allurar trastuzumab, wadda aka sani da Herceptin, da aka fara amfani da ita a 1998.

Waɗannan magunguna ni'ima ce babba. Sai dai tun a shekarun farko likitoci suka lura cewa a jikin wasu marasa lafiya, musamman waɗanda cutarsu ta yi nisa, maganin kan yi aiki na wani lokaci sannan ya daina.

YADDA CUTAR KE KUƁUCE WA MAGANI

Manya daga cikinmu suna tune da kulorokwin. Shekara da shekaru shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro a kowane gida, duk da ƙaiƙayin da yake sa wa wasu. A hankali ya daina aiki, har a shekarar 2005 Najeriya ta sauya shi da haɗin magungunan da ake kira ACT. Kulorokwin bai lalace ba. Abin da ya faru shi ne, a cikin ƙwayoyin cutar akwai 'yan kaɗan da maganin ba ya kashewa, su ne suka tsira suka hayayyafa har suka mamaye wuri.

Irin wannan ne ke faruwa a cikin ciwon daji, da bambanci guda ɗaya mai muhimmanci: ciwon daji ba a ɗaukarsa daga wani. Ba ya bin numfashi, ko kwanon abinci, ko wankin kayan mara lafiya. Saboda haka turjiyar da cutar ke yi wa magani a cikin jikin kowane mutum take farawa, kuma a nan take ƙarewa.

Ƙullutu mai girman ƙwayar gyaɗa yana iya ƙunsar ɗaruruwan miliyoyin ƙwayoyi. Duk daga ƙwaya ɗaya suka fito, amma ba iri ɗaya ba ne, domin duk lokacin da ƙwaya ta rabu tana kwafar umarnin gado, kuma ƙwayar daji tana yawan yin kuskure wurin kwafa. Yawancin kurakuran ba su da wani tasiri. Amma a cikin miliyoyi, akan dace da wadda kuskurenta ya sa magani ba ya kama ta. Idan aka fara magani sai ya share sauran, mara lafiya ta ji sauƙi, hoto ya nuna ƙullutun ya motse. Waɗancan 'yan tsirarun kuwa suna nan, kuma yanzu fili ya zama nasu. Ƙwayar daji ba ta da wayo ko dabara. Yawa ne kawai da lokaci ke taimakonta.

Masu bincike sun gano hanyoyi da dama da hakan ke faruwa.

Hanya ta farko ita ce a sauya kwaɗo. A shekarar 2001, wato shekarar da aka amince da imatinib, Charles Sawyers da abokan aikinsa a Amurka suka duba jinin waɗanda cutarsu ta dawo. A wurin wasu sun tarar gurbin da maganin ke shiga ya ɗan sauya siffa, sauyin da ake kira T315I. Canji ne a wuri ɗaya tak a cikin furotin, amma ya isa ya hana mabuɗin shiga. An ga irin haka a sankarar huhu a 2005, inda wani sauyi mai suna T790M ke bayyana a wurin kamar rabin waɗanda magungunan farko suka daina yi wa aiki.

Hanya ta biyu ita ce yawaita. Ƙwayar cutar sai ta ƙera furotin ɗin da yawan gaske, har maganin da ke cikin jini ya kasa toshe su duka.

Hanya ta uku ita ce ɓarauniyar hanya. An tare babban titi, sai ƙwayar ta samu umarnin rabuwa ta wata hanyar daban wadda maganin bai san da ita ba. A 2007 an nuna cewa wasu sankarorin huhu suna yin haka ta hanyar wani furotin mai suna MET. Ana ganin makamancin haka a sankarar mama mai HER2.

Hanya ta huɗu ita ce famfo. Tun a 1976 masu bincike a Kanada suka gano wani furotin a bangon ƙwaya wanda ke kwashe magani yana fitar da shi waje kafin ya yi aiki, kamar mai kwarfe ruwa daga ɗaki.

Hanya ta biyar ita ce laɓewa. Wasu ƙwayoyin sukan kwanta kamar masu barci, ba sa rabuwa, magani ya wuce su. Sankarar mama mai rayuwa da istirojin tana iya farfaɗowa bayan shekara 10 ko fiye, dalilin da ya sa ake shan tamoxifen shekara 5 zuwa 10 ke nan ko da mace ba ta jin komai. Wasu kuma sukan fake a wuraren da magani ba ya isa sosai, kamar ƙwaƙwalwa.

Akwai kuma lokacin da cutar kan sauya kama gaba ɗaya, ta daina dogaro da abin da aka saita. Wannan ne ya sa idan ciwo ya dawo likita kan ce a sake ɗiban nama a gwada. Ba neman kuɗi ba ne, so yake ya san da wa yake yaƙi yanzu.

ICCE TUN YANA ƊANYE

Daga wannan bayani darasi ɗaya ya fito fili. Gwargwadon yawan ƙwayoyin cuta a jiki, gwargwadon yiwuwar a samu masu turjiya a cikinsu tun kafin a sha ƙwayar magani ta farko. Ƙaramin ƙullutu da aka cire da tiyata, aka bi sauran ɓurɓushin da magani, sau da yawa an rabu da shi ke nan har abada. A shekarar 2005 manyan gwaje-gwaje sun nuna cewa ƙara trastuzumab a kan kemo bayan tiyata yana rage dawowar cutar da kusan rabi. Amma wannan allura ɗin dai, idan aka yi ta bayan cutar ta bazu zuwa hanta ko ƙashi ko huhu, galibi tana tsawaita rai ne tana rage wahala, kafin turjiya ta bayyana. Magani ɗaya ne, lokacin zuwa ne ya bambanta.

Abin takaici, mafi yawan matan da ke zuwa asibitocinmu da sankarar mama suna zuwa ne bayan ta yi nisa. Ga mai juna biyu da mai shayarwa kuwa jinkirin ya fi yawa, saboda mama kan cika ya yi nauyi, duk abin da aka ji a cikinsa sai a ce ruwan nono ne ya daskare. Sau da yawa hakan ne. Amma ba ke za ki yanke wannan hukunci ba, ba kuma kakar yaro ba.

'Yar'uwa, idan kin ji ƙullutu a mama ko a hammata, ya yi mako biyu bai baje ba, ki faɗa a wurin awo. Haka nan idan fatar mama ta yi kauri kamar ɓawon lemo, ko kan maman ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, ko jini na fita, ko an sha maganin kumburin mama bai sauka ba. Kada kunya ta hana ki. Idan kin fi sakewa da mace, ki nemi ma'aikaciyar jinya ko likita mace, haƙƙinki ne. Hoton da ake ɗauka na mama irin wanda ake yi wa ciki ne a wurin awo, ba ya cutar da jariri. Ɗiban ɗan nama da allura domin gwaji shi ma ana yin sa ga mai ciki lafiya lau.

A nan dole a taɓo wata magana da ta yi ajalin mata da yawa, wai idan ƙarfe ya taɓa daji sai ya fusata ya bazu. Abin da ya sa mutane suka yarda da haka shi ne, sun ga waɗanda aka yi wa aiki suka rasu bayan 'yan watanni. Amma waɗannan cutar ta riga ta bazu tun kafin su zo. Jinkiri ne ya cuce su, aka ɗora wa wuƙar likita laifi.

A GWADA KAFIN A SAYA

Magani mai saiti ba ya aiki sai inda akwai abin da aka saita. Wadda sankararta ba ta da HER2, ko an yi mata trastuzumab ta miliyoyin naira babu abin da za ta ƙara mata sai illa. Wadda tata ba ta rayuwa da istirojin, tamoxifen ba zai amfane ta ba. Akwai ma wadda ba ta da ko ɗaya daga cikin alamomin da ake dubawa, kuma bincike ya nuna irin wannan ta fi yawa a tsakanin matan Afirka ta Yamma fiye da matan Turai. Ita maganinta ta wata hanyar ce, musamman kemo da tiyata da gashi.

Saboda haka kuɗin gwajin nama ba asara ba ne, shi ne yake tsare sauran kuɗin. Kada a yarda maƙwabciya ta ce ga maganin da ya yi wa ƙanwarta aiki, a je kemis a sayo. Cutar mata biyu tana iya zama a wuri ɗaya, da suna ɗaya, amma maganinsu ya sha bamban.

SHAN MAGANI A KAN ƘA'IDA

Dole a faɗi gaskiya: akwai wanda zai sha maganinsa bai taɓa tsallake rana ba, amma cutar ta turje. Wannan ba laifinsa ba ne, kuma bai kamata a ɗora masa ba. Amma tsallake magani yana buɗe wa cutar ƙofa, domin duk ranar da babu isasshen magani a jini, ragowar ƙwayoyin suna samun damar rabuwa, kuma kowace rabuwa dama ce ta sabon kuskure. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wani bincike da aka yi a asibitin Hammersmith na Landan, aka buga a 2010, ya nuna cewa masu shan imatinib da ke tsallake fiye da ƙwaya ɗaya cikin 10 ba safai suke kai wa ga irin sauƙin da masu kiyayewa ke samu ba.

A wurinmu abubuwa uku ne suka fi kawo tsallake: rashin kuɗi, jin sauƙi, da illar magani. Game da kuɗi, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ranar farko a tambayi likita tsawon lokacin da za a ɗauka da abin da zai ci, a zauna da dangi a tsara, a kuma tambayi sashen jin daɗin marasa lafiya ko akwai wani tallafi. Raba ƙwaya biyu domin ta daɗe, ko shan ta yau a huta gobe, dabara ce da ke ƙarewa da asarar kuɗin da lafiyar gaba ɗaya. Game da jin sauƙi, mun riga mun ga cewa rashin jin ciwo ba ya nufin ƙwayoyin sun ƙare. Game da illa kuwa, tashin zuciya ko kumburin fuska ko zafin jiki, a gaya wa likita. Sau da yawa akwai abin da zai yi ba tare da an bar maganin ba. Mai son yin azumi ita ma ta yi shawara da likita a kan lokacin sha.

Sannan a bayyana wa likita duk abin da ake sha. Maganin tarin fuka mai suna rifampicin da wasu magungunan farfaɗiya suna sa hanta ta narkar da imatinib da sauri har ya kasa aiki. Lemon garehul kuma yana iya sa wasu magungunan su taru a jini fiye da kima. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe ba a san abin da ke cikin yawancinsu ba, kuma hantar da ke tace maganin asibiti ita ce ke tace su. A sayi magani a inda aka amince, a duba lambar hukumar NAFDAC, domin jabun magani daidai yake da tsallake magani.

CIKI DA WAƊANNAN MAGUNGUNA

Wannan sashe shi ya fi shafarku kai tsaye. Kasancewar magani mai saiti ne ba ya nufin yana da sauƙi ga ɗan tayi. Trastuzumab tana rage ruwan da jariri ke kwance a cikinsa, tana iya taɓa ƙodarsa da huhunsa, don haka ba a yin ta ga mai ciki, kuma ana so mace ta guji ɗaukar ciki har wata 7 bayan allurar ƙarshe. Tamoxifen ba a ba mai ciki. Imatinib, idan aka sha a watannin farko, an ga yana iya kawo naƙasa a halittar jariri. Shayarwa ma sai an tambayi likita, domin da yawa daga magungunan daji ba a shayarwa a kansu.

Wannan ba ya nufin mai juna biyu da aka samu da sankarar mama ba ta da mafita. Ana iya yin tiyata da ciki. Akwai nau'o'in kemo da ake bayarwa bayan wata uku na farko, a dakata 'yan makonni kafin haihuwa. Magani mai saiti da gashi galibi sai a ajiye su har a sauka. A mafi yawan lokuta ba a bukatar a taɓa cikin, kuma abu ne mai matuƙar wuya cutar uwa ta shiga jikin jariri. Abin da ba shi da kyau shi ne a ce a bari sai an haihu, sai an yi arba'in, sai an yaye. Shekara biyu ke nan an ba cutar tana yawaita.

Ita kuma wadda ta riga ta fara shan irin waɗannan magunguna tana son haihuwa, tana tsakanin haɗari biyu. Idan ta ɓoye cikin ta ci gaba da sha, jariri na cikin haɗari. Idan ta ajiye maganin a ɓoye domin ta samu ciki, ta ba cutar fili. Mafita ita ce a tsara da likita tun kafin a ɗauki cikin. A shekarar 2023 an buga sakamakon wani bincike na ƙasashe da yawa a kan mata fiye da 500 masu sankarar mama ta matakin farko, waɗanda suka sha maganin tare istirojin na wata 18 zuwa 30, suka dakata har zuwa shekara biyu domin su haihu, da sharaɗin za su koma kan maganin. A shekaru uku na farko ba a ga cutar ta fi dawo musu fiye da waɗanda ba su dakata ba, kuma da yawansu sun haihu. Haka masu sankarar jinin nan, wadda gwaji ya nuna cutarta ta kwanta ƙwarai na shekaru ana iya tsara mata dakatawa ana bin jininta a kai a kai, ko a sauya mata zuwa allurar intaferon. Duk wannan da sanin likita ake yi. Idan kuma ciki ya shiga ba shiri, a zo asibiti a wannan makon, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.

Maigida, a nan hannunka ya fi na kowa ƙarfi. Tazarar haihuwa a lokacin jinya wani ɓangare ne na maganin. Matar da ake yi wa gorin rashin haihuwa, ko take tsoron za a yi mata kishiya saboda jinya, ita ce ke ajiye magani a ɓoye. Ka rako ta wurin likita, ka ji bayani da kunnenka, ka kuma tare mata surutun dangi.

TO MENE NE AMFANIN, IDAN ZAI DAINA AIKI?

Tambaya ce mai nauyi, kuma wanda ya sayar da gona ya cancanci amsa ta gaskiya. Da farko, ba kowa ne cutarsa ke turjewa ba. Dubban mata da aka kama tasu da wuri sun warke sun ga jikokinsu. Shan tamoxifen na shekara 5, wanda ba shi da tsada sosai, yana rage mutuwa daga irin sankarar da ya dace da ita da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Na biyu, daina aikin magani ɗaya ba shi ne ƙarshen hanya ba. Da aka gane yadda cutar ke sauya kwaɗo, sai aka ƙero sababbin mabuɗai: dasatinib a 2006, nilotinib a 2007, sai ponatinib a 2012 wanda ke iya kama mai sauyin T315I. A sankarar huhu an samu osimertinib a 2015. A sankarar mama mai HER2 an samu pertuzumab a 2012, wadda ake haɗawa da trastuzumab. Hikimar haɗa magunguna ita ce wadda kuka sani a maganin tarin fuka da na cuta mai karya garkuwar jiki: da wuya ƙwaya ɗaya ta kuɓuce wa magani biyu ko uku a lokaci guda. Amma likita ba zai san lokacin sauyawa ba sai ana zuwa gwaji a ranakun da ya sa, tun kafin jiki ya nuna.

Na uku, akwai lokacin da cutar ta yi nisan da sabon magani mai tsada ba zai ƙara komai ba sai 'yan makonni. A nan haƙƙin iyali ne su tambayi likita kai tsaye: wannan maganin na warkarwa ne ko na sassauci? Haƙƙi ne a kan likita kuma ya amsa ba ɓoye-ɓoye. Ko an kai wannan mataki, asibiti na da maganin raɗaɗi da kulawar da ke sa mara lafiya ta samu barci, ta yi ibadarta cikin natsuwa. Cewa "a koma gida" ba tare da wannan ba zalunci ne.

Akwai kuma nauyin da ke kan hukuma. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa imatinib da trastuzumab cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanadar wa jama'arta. Matuƙar talaka zai fara magani ya yanke saboda kuɗi, ko a rasa wurin gwajin nama a kusa, to ana ɓarnar da kuɗin da ran tare. Ya kamata inshorar lafiya ta ɗauki gwajin da maganin har ƙarshensa, shugabannin al'umma da malamai kuma su taya mu wannan kira.

Neman magani ba ya cin karo da tawakkali. Ki duba mamanki, ki faɗi abin da kika ji a ranar awo ta gaba, kada ki bari sai kin haihu. Wadda ke kan magani ta riƙe shi a kan ƙa'ida, ta kuma yi shawara kafin ta ɗauki ciki. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya sauke ku lafiya, Ya raya abin da za ku haifa, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi na gida da na asibiti. Amin.